John Newton, Mai Fataucin Bayi Wanda Ya Tona Asirin Kansa

Ina roƙon Edita ya ba ni fili a shafin Hausa na wannan fitowa in ba da labarin wani Bature da ya rasu tun 1807. Na san waɗansu za su ce, me ya haɗa mai koyon malanta a Minna da tsohon matuƙin jirgin ruwa na Ingila? To, abu biyu ne. Na fari, sana'arsa ita ce sayen mutane irina. Na biyu kuwa sai na kai ƙarshe zan faɗa, in ƙarfin halina ya kai.

Ni Gbagyi ne, watau Bagwari in ji Hausawa. Kakata ta kan nuna mini duwatsun da ke kewaye da garin nan, ta ce ba don sha'awar hawa kakanninmu suka yi gidaje a bisansu ba, tsoron mahara ne. Ita ma ta ji daga bakin tata kakar, cewa an kama ƙanenta a gona yana korar tsuntsu daga dawa, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Harin bayi bai tsaya a ƙasarmu ba sai wajen 1901, shekarar da Turawa suka ci Kontagora da Bida. Saboda haka ran da malaminmu a makarantar mishan ya gaya mana wanda ya rubuta waƙar nan Amazing Grace mai fataucin bayi ne, sai na daina buɗe baki in an ɗauko ta. Na ce a raina, wannan gafara ta yi araha da yawa. Sai bara na zauna na karanta labarin mutumin sosai, na tarar abin ya fi yadda na zata muni, ya kuma fi yadda na zata amfani.

An haifi John Newton a Landan a 1725. Ubansa kyaftin ɗin jirgin 'yan kasuwa ne, mutum mai tsanani, ba a wasa da shi. Uwarsa kuwa mai ibada ce, ita ta koya masa karatu da ayoyin Littafi Mai Tsarki, burinta ya zama mai wa'azi. Tarin fuka ya kashe ta a 1732, yaron bai cika shekara 7 ba. Ya yi makaranta shekara biyu kacal, yana da shekara 11 ubansa ya ɗauke shi zuwa teku. Can ya tashi cikin ma'aikatan jirgi, ya koyi ashar da saɓo har ya fi malamansa. Ba wai ya bar addini kawai ya yi shiru ba, a'a, ya mai da shi abin ba'a, in ya ga yaro mai tsoron Allah ba ya hutawa sai ya raba shi da bangaskiyarsa. Abu guda ya rage mai taushi a zuciyarsa, watau son wata yarinya, Mary Catlett, wadda ya gani a gidan danginsu a 1742.

A zamanin nan in sojan ruwa na Ingila sun rasa mutane, kama samari su ke yi da ƙarfi. Haka aka kama shi a 1744 aka sa shi a jirgin yaƙi mai suna Harwich. Albarkacin ubansa aka ba shi ƙaramin muƙami, amma ya gudu, aka kamo shi, aka tuɓe masa riga aka yi masa bulala a gaban dukan mutanen jirgi, aka kuma ƙwace muƙamin. Ya ce a kwanakin nan ya rasa wanda zai fara kashewa, kyaftin ko kansa. Da suka isa tsibirin Madeira aka yi musayarsa da wani, ya koma jirgin fataken bayi mai zuwa Saliyo.

A gaɓar Saliyo ya shiga barantakar wani Bature dillalin bayi, Amos Clowe, a wani ɗan tsibiri cikin tsibiran Plantain. Nan duniya ta juya masa baya. Zazzaɓi ya kwantar da shi, maigidan ya tafi fatauci ya bar shi hannun matarsa, 'yar wani babban gida na ƙasar, ita kuwa ta tsane shi. Sai ta ga dama ta aika masa da sauran abin da ta ci. Da dare ya kan lallaɓa gona ya tono saiwa ya ci ɗanya. Ga wurin da na fi daɗewa a kai cikin labarin duka: waɗanda suka ji tausayinsa bayin nan ne da ke ɗaure da sarƙa suna jiran jirgi. Su suka riƙa rage ɗan abincinsu suna miƙa masa a ɓoye. Ku riƙe wannan, gama za mu ga abin da ya saka wa irinsu da shi. Littafi guda ya ke da shi, na lissafin Yukilid, ya kan zauna bakin teku yana zana kusurwoyi a rairayi da tsinke. Mu da ke gunaguni in alli ya ƙare sai mu ji kunya.

Ubansa ya roƙi wani attajirin Libaful, Joseph Manesty, a nemo masa ɗansa. A 1747 jirgi mai suna Greyhound ya same shi ya ɗauke shi. Jirgin ya yi kusan shekara yana bin gaɓa yana sayen zinariya da hauren giwa da kakin zuma da itace, kana ya doshi gida. Cikin Maris 1748, da tsakar dare, hadiri ya auka musu a tsakiyar teku, ruwa ya fasa gefen jirgi ya cika ɗakin da Newton ke barci. Ya taso zai hau sama, kyaftin ya mai da shi ya ɗauko wuƙa, mutumin da ya hau a madadinsa kuwa nan take igiyar ruwa ta share shi. Suka ɗaure kansu da igiya jikin famfo suna ta fid da ruwa tun asuba har tsakar rana. Cikin wannan hali ne bakin nan da ya saba da saɓo ya suɓuce ya roƙi jinƙan Ubangiji. Shi kansa ya yi mamaki, ya tambayi ransa, wane jinƙai ya rage wa irinsa? Kakin zuma da itacen da suka ɗauko su suka hana jirgin nutsewa, don ba su da nauyi a ruwa. Suka yi mako huɗu cikin yunwa da sanyi, kyaftin yana ta cewa Newton ne Yunusan jirgin, da a jefa shi a ruwa da an huta. Ran 8 ga Afrilu suka shiga Lough Swilly a ƙasar Ailan. A kwanakin nan ya karanta Sabon Alkawari, misalin ɗan nan da ya ɓatar da gādonsa ya koma gida ya kama shi ƙwarai. Har tsufansa bai bar tunawa da ranar hadirin ba, kowace shekara ran 21 ga Maris ya kan keɓe kansa ya yi addu'a.

To, a nan ne masu wa'azi da yawa su ke rufe labarin, su ce ya tuba, ya bar fataucin bayi, ya rubuta waƙa. Ba haka aka yi ba. Gaskiyar magana ita ce, sai bayan hadirin ne ma ya shiga sana'ar da ƙafar dama. A shekarar nan ya zama mataimakin kyaftin a jirgin bayi mai suna Brownlow. A 1750 ya auri Mary, aka kuma ba shi jirgi nasa na kansa, Duke of Argyle, daga baya aka ba shi wani mai suna African. Tafiya uku ya yi yana kyaftin, daga 1750 zuwa 1754, yana sayen maza da mata da yara a gaɓar Saliyo da kewaye yana kai su tsibiran Antigua da St Kitts.

Littafin da ya riƙa rubuta al'amuran jirgi kullum yana nan har yau, an ma buga shi. Ba ya rubuta sunan bawa, lamba ya ke ba shi. In wani ya mutu sai a rubuta lamba kaza ta mutu, a jefa gawa a teku. Da ya ji ƙishin-ƙishin bayi na shirin tayarwa, ya sa aka matse wa waɗansu yara manyan yatsu da wani ƙarfe har suka faɗi masu shirin. Duk wannan kuwa ya bar ashar, ya bar caca, yana koya wa kansa Latin, yana rubuta wa matarsa wasiƙu masu daɗi, ran Lahadi ya tara ma'aikata a bisa jirgi su yi sujada, alhali a ƙarƙashin ƙafafunsu ga mutane jere kamar littattafai a kanta, ɗaure biyu biyu da mari. Har ya ce bai taɓa jin daɗin zumunta da Allah kamar a tafiye-tafiyen nan na ƙarshe ba. Iyakar abin da ya dame shi, aikin ya yi kama da na gandiroba, ya kan roƙi Allah ya ba shi wata sana'a mai ɗan dama. Zunuban da ya ke jin kunyarsu a lokacin su ne na bakinsa da na sha'awarsa. Babban kuwa bai ko gan shi ba, domin kowa na yi, doka ta yarda, manyan gari na cin ribarsa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Shi ya taka nasa yana waƙar yabo a kai.

Ba lamirinsa ne ya fid da shi ba, ciwo ne. Cikin Nuwamba 1754, saura kwana biyu ya tashi tafiya ta huɗu, yana shan shayi da matarsa, sai wani abu kamar farfaɗiya ya buge shi ya faɗi. Likita ya hana shi tafiya. Ya sami aikin kwastan a Libaful, mai binciken jiragen da suka shigo. Nan ya ji wa'azin George Whitefield, ya duƙufa kan Helenanci da Ibrananci shi kaɗai, ya nemi a naɗa shi limamin ikilisiya. Aka yi ta ƙinsa wajen shekara shida, don ba shi da takardar jami'a, ga shi kuma ana ganin zafin addininsa ya yi yawa. Sai 1764 aka naɗa shi, aka tura shi Olney, wani ƙaramin gari na matalauta masu saƙar leshi.

Ya yi shekara 16 a Olney, mutane suka so shi. Ya kan zaga gida gida da tsohuwar rigarsa ta matuƙa, ya tara yara yana koya musu, jama'a ta yi yawa har aka ƙara wa majami'a bene. Ya riƙe abokinsa William Cowper, mawaƙi mai fama da ciwon baƙin ciki, da haƙurin da ba kowa zai iya ba. Su biyu suka fid da littafin waƙoƙin Olney a 1779, waƙa fiye da 300, mafi yawa na Newton. Waccan da na ƙi rerawa ya shirya ta ne don wa'azin ranar sabuwar shekara ta 1773, watau shekara 25 bayan hadirin, ba a cikin jirgi ba kamar yadda a kan faɗa. Muryar da mu ke rera ta da ita ma ba tasa ba ce, a Amurka aka haɗa su a 1835. A 1764 ya buga labarin rayuwarsa, ya faɗi saɓonsa da lalatarsa ba ɓoyo, amma a kan bayin da ya saya bai ce ya yi laifi ba.

Yaushe idonsa ya buɗe? Ba rana ɗaya ba ce, a hankali abin ya riƙa cinsa. A 1780 ya koma Landan, majami'ar St Mary Woolnoth. Cikin Disamba 1785 wani saurayi ɗan Majalisar Dokoki, William Wilberforce, mai shekara 26, ya zo wurinsa a asirce, har sai da ya kewaya unguwar sau biyu kafin ya iya ƙwanƙwasa ƙofa. Saurayin ya ba da gaskiya, yana tunanin barin siyasa. Tsohon ya ce kada ya bari, ya zauna ya bauta wa Allah a inda ya ke. Wilberforce ɗin nan shi ya ɗauki maganar hana cinikin bayi a Majalisa shekara 20.

Masu wannan gwagwarmaya suna da hujja, amma suna bukatar wanda ya gani da idonsa, ya kuma yi da hannunsa. Ku dubi matsayin Newton a lokacin. Shekararsa 62, sunansa ya kai ko'ina, manya na zuwa neman shawararsa, waɗanda suka san shi a teku galibi sun mutu. Da ya yi shiru ba mai tuhumarsa. Sai ga shi cikin Janairu 1788 ya buga ɗan littafi a kan cinikin bayi na Afirka, da sunansa a kai. Ya ce shi ba shaida kaɗai ya zo bayarwa ba, laifinsa ya zo faɗa a bainar jama'a, ya kuwa san faɗar ta zo a makare, ba za ta gyara abin da ya ɓata ba. Ya ce har ya mutu abin zai zama masa abin ƙasƙanci. Ya bayyana yadda a ke cusa mutane, da yadda su ke mutuwa, da abin da ma'aikatan jirgi ke yi wa mata. Ya ba da labarin wani mataimakin kyaftin da kukan jariri ya hana shi barci, ya fizge shi daga hannun uwar ya jefa a ruwa. Ya ce mutanen Sherbro da ya zauna cikinsu sun fi Turawan da ke cinikayya da su gaskiya, har in ka zargi ɗayansu da cuta ya kan tambaye ka ko ka ɗauke shi Bature ne. Aka aika wa kowane ɗan Majalisa da littafin, shi kuma ya je da kansa ya ba da shaida gaban majalisar Sarki da kwamitin Majalisar Dokoki.

Shekara 34 tsakanin saukarsa daga jirgi da buɗe bakinsa. Ban ga yadda za a wanke wannan jinkiri ba, ba kuwa zan gwada ba. Ko a rubutun da ya tsara don kabarinsa ya kira kansa kafiri, fasiƙi, baran bayi a Afirka, amma bai sa kalmar kyaftin ɗin jirgin bayi ba, wannan ya tsaya mini a rai. Duk da haka ga abin da na lura. Mutumin da kunya ke mulkinsa ba ya iya yin abin da Newton ya yi a 1788, gama dukan ƙarfinsa ya tafi wajen tsaron sunansa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Newton ya gaskata cewa Yesu Kristi ya riga ya ɗauki hukuncinsa, ba don ya cancanta ba, saboda haka ba shi da sauran suna da zai tsare. Gafarar ba ta share masa tuni ba, ƙara masa gani ta yi, har ya iya duban abin da ya yi ido da ido bai hallaka ba. Haka Manzo Bulus, bai taɓa ɓoye cewa ya tsananta wa ikilisiya ba, shi da bakinsa ya ke ta maimaitawa. Dā ina tsammani gafara mayafi ce da a ke rufa wa mai laifi. A wurin mutumin nan ita ce ta yaye mayafin.

Matarsa ta rasu a 1790. Ya ci gaba da wa'azi har idonsa ya dushe, tunaninsa ya raunana, abokai suka ce ya huta, ya ƙi. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mishan ta C.M.S. a 1799. Cikin Fabrairu 1807 Majalisa ta jefa ƙuri'a, 283 suka goyi bayan hana cinikin, 16 suka ƙi, ran 25 ga Maris ta zama doka. Ya rasu ran 21 ga Disamba na shekarar, yana da shekara 82. Dokar nan ce ta sa jiragen yaƙin Ingila suka riƙa tare jiragen bayi. A 1822 suka kuɓutar da wani yaro Bayarabe mai suna Ajayi, aka kai shi Saliyo, C.M.S. ta koyar da shi. Shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda ya hau Kwara har Rabba a nan jiharmu, ya zama bishop a 1864, ya kuma riƙa ziyartar Etsu Masaba a Bida. Ƙanen kakar kakata dai dokar ba ta cece shi ba, ta teku ce, mu kuwa namu maharan a kan doki su ke zuwa.

Saura abu na biyu. Ina da shekara 14 a makarantar kwana, ni a ke ba baikon ran Lahadi in kai ofis. Wata rana na zare naira 500. Da aka ƙidaya aka ga giɓi, zargi ya faɗa kan wani ƙaramin yaro mai share majami'a. Aka yi masa bulala a gaban dukan makaranta, ina tsaye cikin layi, hannuna a baya. Ƙarshen zangon ubansa ya cire shi. Na roƙi gafarar Allah ban san iyaka ba, aka yi mini baftisma, na shiga ƙungiyar mawaƙa, har na zama mai karanta Littafi a sujada. Ban gaya wa kowa ba. In na ji an ambaci sunan garinsu sai cikina ya ɗuri ruwa. Ashe ni da na ƙi rera waƙar mai fataucin bayi, sujadata na ke yi a bisa jirgi, da mutum ɗaure a ƙasa.

Hutun da ya wuce na neme shi, na same shi yana aikin walda kusa da wata tashar mota. Na faɗa masa duka. Ya kashe injin, ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan ya ce ya daɗe da zargin ni ne, amma wa zai yarda da shi a kaina? Ya ce kuɗin da na kawo in mayar aljihuna, ba su ne damuwarsa ba. Ubansa ya rasu shekara uku da suka wuce yana ɗauka ɗansa ɓarawo ne. Tsohuwarsa tana nan da rai a ƙauye, in da gaske na ke, in zo mu tafi tare in maimaita a gabanta da gaban baffanninsa abin da na faɗa masa. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ya faɗa ba. Mun sa ranar Asabar ta farko bayan jarrabawa, motar ƙarfe bakwai.